Yadda mai wahalar haɗiyar ƙwaya zai sha maganin zaizayar ƙashi

A gidaje da yawa na unguwannin Aboabo, Sawaba da Asawase a Kumasi, idan tsohuwa ta kasa haɗiye ƙwayar magani, abin da 'ya'ya da jikoki suka saba yi shi ne su murƙushe ƙwayar da bayan cokali, su zuba garin a cikin koko mai ɗumi, su ba ta ta sha, sannan su gyara mata shimfiɗa ta koma ta kwanta. Tausayi ne yake sa a yi haka, kuma akwai magungunan da wannan dabarar ba ta ɓata su. Amma idan ƙwayar ta maganin zaizayar ƙashi ce, an tafka kuskure uku a lokaci guda: an daka abin da ba a dakawa, an haɗa shi da abinci wanda zai hana shi aiki, an kuma kwantar da mai shan sa a daidai lokacin da ya wajaba ta zauna a miƙe.

Zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, cuta ce da ƙashi yake rasa ƙwarinsa a hankali, cikinsa ya zama kamar itacen da gara ta ci, har ƙaramar faɗuwa a banɗaki ta iya karya ƙugu, ko wuyan hannu, ko ƙashin baya. Ta fi kama mata bayan ɗaukewar jinin al'ada, da tsofaffin maza, da masu daɗewa suna shan prednisolone ko dexamethasone, har da waɗanda suke sayen irin waɗannan ƙwayoyi da kansu don su yi ƙiba. Tun shekarar 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora ma'aunin cutar a kan hoton auna ƙwarin ƙashi da ake kira DXA, inda sakamakon da ya kai -2.5 ko ya gangara ƙasa da haka yake nuna cutar ta kama. Sau da yawa kuwa a nan wajenmu karaya ce take fara tona ta, bayan an je wajen mai ɗori an dawo, aka ga kuma wani wurin ya sake karyewa.

Maganin da aka fi rubutawa shi ne alendronate, wanda wasu suka sani da sunan Fosamax, ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 sau ɗaya a mako. Yana da 'yan uwa: risedronate, wanda akan sha miligiram 35 a mako, da ibandronate, miligiram 150 sau ɗaya a wata. Na bar sunayen yadda ake rubuta su a jikin kwali domin mai karatu ya iya gwadawa da abin da ke hannunsa. Dukkansu hali biyu suke da shi, kuma daga halayen nan biyu ne duk ƙa'idojin shan su suka fito. Na farko, hanji ba ya tsotsar su sosai, domin abin da yake shiga jini bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayar ba ko da ciki babu komai, idan kuwa ta tarar da abinci, ko madara, ko shayi, ɗan abin da zai shiga ma sai ya salwanta. Na biyu, ƙwayar tana da kaifi a kan tsoka mai taushi, saboda haka idan ta maƙale a bututun abinci, wato hanyar da ta taso daga maƙoshi ta sauka cikin tumbi, tana iya ƙona wurin har ya zama gyambo.

Mataki na farko: a gane wace irin wahala ce

Kafin a koyi wata dabara, sai a zauna a lura da mai ciwon na kwana biyu ko uku lokacin cin abinci, domin masu cewa ba sa iya haɗiye ƙwaya kashi biyu ne, kuma abin da ya dace da kashi ɗaya yana iya cutar da ɗayan.

Kashi na farko su ne waɗanda suke cin tuwon zafi da miyar ayoyo lafiya lau, suna haɗiye lomar sakwara ba tare da tauna ba kamar kowane mutumin Kumasi, suna shan ruwa ba ƙwarewa, amma da zarar an miƙa musu ƙwaya sai maƙoshi ya ƙi. Lomar sakwara ta ninka ƙwayar alendronate girma sau da yawa, don haka hanyar a buɗe take. Abin da ke damunsu tsoro ne, ko bushewar baki, ko tashin zuciya idan abu ya taɓa bayan harshe, ko kuma wata tsohuwar ƙwarewa da ba su manta ba. Waɗannan suna iya koyo.

Kashi na biyu su ne waɗanda abinci da kansa yake tsaya musu a ƙirji, ko suke tari da ƙwarewa idan sun sha ruwa, ko muryarsu ta koma kamar mai kurkure maƙoshi bayan sun haɗiya, ko abinci yake dawo musu ta baki ko ta hanci, ko haɗiya take yi musu zafi, ko kuma suke ramewa ba tare da dalili ba. Irin wannan yakan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon karkarwar jiki na tsufa, ko ƙuntatar bututun abinci sakamakon daɗaɗɗen ƙwannafi, wani lokaci kuma alamar ciwon daji ce a bututun. Duk wanda yake cikin wannan kashi kada a ba shi ƙwayar ko sau ɗaya har sai likita ya duba shi. Takardar da ke cikin kwalin alendronate da kanta ta hana shi ga mai ƙuntataccen bututun abinci ko wanda bututunsa yake jinkirin sauke abinci, ta kuma hana shi ga wanda ba zai iya zama ko tsayuwa a miƙe na minti 30 ba. Tsohon da yake kwance bayan karayar ƙugu, wanda sai an tallafe shi da matasai kuma yana zamewa, ya shiga cikin wannan hani.

Mataki na biyu: a koma asibiti da cikakken bayani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a karɓi magani a yi shiru, a zo gida a gwada sau biyu, a ga abin ya gagara, a jefa kwalin a cikin kwalla, sai bayan shekara a dawo da sabuwar karaya. Likita ba zai san akwai matsalar haɗiya ba idan ba a faɗa masa ba, kuma tsofaffinmu suna da kunyar kawo ƙorafi a gaban likita. Wanda ya rako sai ya yi magana a fili, misali ya ce: "Likita, Mma tana ƙwarewa idan ta sha ruwa tun bayan ciwon da ya taɓa mata ɓarin jiki, kuma ba ta iya zama a miƙe sai an riƙe ta. Akwai wata hanyar ba ta maganin nan ban da ƙwaya?" A tafi da duk magungunan da take sha a cikin leda ɗaya, har da na gargajiya da na ciwon gwiwa da ake saya a kemis, domin diclofenac da ibuprofen suna ƙara wa tumbi da bututun abinci rauni idan sun haɗu da alendronate, suna kuma wahalar da ƙoda.

Idan alamun kashi na biyu ne, asibitin unguwa kamar na Manhyia ko Tafo ko Suntreso yakan tura mutum asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, inda ake da sashen kunne da hanci da maƙoshi da kuma likitocin ciki. A can ne za a iya ba shi wani farin ruwa mai kauri ya sha ana ɗaukar hoton yadda yake sauka, ko a zura siririyar roba mai kyamara a leƙa bututun. Akwai kuma ƙwararrun magana da haɗiya, waɗanda aikinsu ne su gwada irin kaurin abinci da ruwan da mai ciwo zai iya haɗiyewa lafiya. Ba su da yawa, amma a tambaya.

Ko wace hanya za a bi, akwai gwaje-gwaje uku da ya kamata a yi tun farko. A auna ƙarfin ƙoda, domin ba a ba da alendronate ko zoledronate idan ma'aunin tacewar ƙoda ya faɗi ƙasa da 35. A auna kalsiyam da bitamin D na jini, a gyara su idan sun yi ƙasa kafin a fara. Sannan a ga likitan haƙori, a cire abin cirewa a cike abin cikewa, saboda waɗannan magunguna, ko da yake ba kasafai ba, suna iya sa ramin haƙorin da aka cire ya ƙi warkewa har ƙashin muƙamuƙi ya lalace.

Mataki na uku: safiyar shan ƙwaya

Wannan sashe na kashi na farko ne kaɗai, bayan likita ya amince.

A zaɓi rana ɗaya a mako wadda ba a fita da sassafe, a tsaya a kanta. Wasu sukan zaɓi Juma'a don ba ta ɓacewa a lissafi, wasu Lahadi don ranar ce 'ya'ya suke gida. A daren da ya gabata a ajiye ƙwayar a cikin takardarta, kada a ɓare ta, tare da kofi da ruwa a kusa da kujera mai majingina. Kujera nake nufi, domin wanda ya zauna a bakin gado da asuba barci yakan rinjaye shi ya kishingiɗa bai sani ba.

A fara yin sallar asuba tukuna. Takardun magani da aka rubuta a Turai ba su yi maganar wannan ba, amma ruku'u da sujada suna sunkuyar da ƙirji har ya yi daidai da ciki ko ya fi shi ƙasa, abin da kuwa ake gudu ke nan a cikin rabin awar farko bayan shan ƙwayar. Idan aka idar da salla wajen ƙarfe 5:30, sai a hau kujera a sha maganin, a yi lazimi da karatu a zaune har ƙarfe 6, lokacin mai koko da ƙosai ma ta fito.

Ruwan ya zama ruwa zalla, kofi cikakke, aƙalla mililita 200. Ledar fiya wata mililita 500 ce, don haka rabinta ya wadatar. Kada a yi amfani da shayi, ko Milo, ko lemo, ko madara, ko ruwan kwalba mai yawan gishirin ƙasa. An gwada an ga gahawa ko ruwan lemo kaɗai yana rage abin da jiki zai samu daga alendronate da kusan kashi 60 cikin ɗari. Idan ruwan gidan na rijiyar burtsatse ne mai barin farin ɓawo a gindin buta, a yi amfani da na leda a wannan safiya, domin farin ɓawon nan kalsiyam ne, shi ne kuma yake kama maganin ya hana shi shiga jini.

Daga nan sai a bi wannan tsari. A zauna a miƙe, ƙafafu a ƙasa. A fara kurɓar ruwa sau biyu ko uku don baki da maƙoshi su jiƙe, domin busasshen harshe yana riƙe ƙwaya kamar danƙo, tsofaffi kuma sukan tashi da bushewar baki, musamman lokacin hunturu. A ɗora ƙwayar a tsakiyar harshe, a cika baki da ruwa nan take, a haɗiye gaba ɗaya. Kada a jefa kai baya kamar kaza tana shan ruwa, ko da yake haka aka koya wa yawancinmu tun muna yara, saboda ɗaga haɓa sama yana miƙar da wuya ya sa haɗiya ta ƙara wuya, yana kuma buɗe hanyar numfashi. Kai ya tsaya daidai, ko haɓa ta ɗan sunkuya kaɗan. Bayan ƙwayar ta wuce a shanye sauran ruwan duka, domin shi ne yake kora ta har cikin tumbi. Idan aka yi yunƙuri biyu ba ta wuce ba har ta fara narkewa, a tofar da ita, a kurkure baki sosai, kada a bar ta tana jiƙa a kan harshe, domin tana iya fasa baki.

Akwai wata dabara da masu bincike na jami'ar Heidelberg ta ƙasar Jamus suka gwada suka wallafa a 2014. A zuba ruwa a gorar roba mai laushi mai ƙaramin baki, a ɗora ƙwaya a harshe, a kama bakin gorar da leɓɓa gam yadda iska ba za ta shiga ba, sannan a tsotsa da ƙarfi har gorar ta lotsa, a haɗiye ruwa da ƙwaya tare. Kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka gwada sun ce haɗiyar ta fi sauƙi. Mu da muka saba tsotsar ruwan leda ba za mu ga baƙon abu a nan ba. Sai dai dabarar tana tura ruwa da yawa da sauri, don haka ba ta dace da mai ƙwarewa ba ko kaɗan.

Mai tsoro kuma ya yi atisaye a sauran kwanakin mako, ba da maganin ba. A mulmula tuwo ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a haɗiye da ruwa, idan an saba a ƙara girma zuwa kamar ƙwayar wake, a yi sau biyar ko shida bayan cin abincin rana, lokacin da hankali yake kwance. Idan wake ya wuce, alendronate zai wuce. Idan kuma girman ƙwayar ne matsalar, a tambayi mai harhaɗa magunguna ya nuna na kamfanoni daban-daban, domin siffa da girma suna bambanta, ko a tambayi likita game da risedronate.

Dabarun da ake yi wa sauran ƙwayoyi, kamar ɓoye su a cikin ayaba, ko kindirmo, ko lomar tuwo, duk ba sa aiki a nan, haka ma raba ƙwayar biyu, ko tauna ta, ko tsotsa, ko jiƙa ta a cokali. Wanda aka ce masa kada ya sha ruwa sai an kaurara shi da wani gari, shi ma wannan ƙwaya ba tasa ba ce.

Bayan an haɗiye, minti 30 cif ba ci ba sha sai ruwa zalla, ba kwanciya, ba sunkuyo. Ga ibandronate awa ɗaya ce. Goro ma ci ne, a ajiye shi. Shara da gajeren tsintsiya, da wanki a durƙushe, da hura gawayi, duk su jira. Ana iya tsayuwa ko tafiya a tsakar gida. Sauran magungunan safe, na hawan jini da na suga da na ƙarin jini da na ƙwannafi, sai bayan rabin awar, kuma mai ciwon suga kada ya yi allurar insulin ko ya sha ƙwayarsa sai abinci yana gabansa. Ko rabin awar ta cika, kada a kwanta sai an karya kumallo.

Idan aka manta ranar, a sha da safiyar da ta biyo bayan tunawa, sannan a koma ranar da aka saba, amma kada a taɓa shan biyu a rana ɗaya. A watan azumi kuwa lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin sahur: a daina ci da wuri a daren, a tashi minti 40 kafin lokacin da aka saba, a sha ƙwayar da ruwanta, a zauna, sannan a yi sahur, sallar asuba ta zo daga baya. Lokacin buɗa-baki bai dace ba, domin ba wanda zai jira rabin awa da dabino a hannu, ga kuma sallar magariba tana jira.

A dakatar da maganin a koma asibiti idan aka ji sabon ƙwannafi ko wanda ya ƙaru, ko zafi a bayan ƙashin ƙirji, ko zafi wajen haɗiya, ko haɗiyar ta ƙara wuya. Aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ciwon ƙirji mai tsanani, waɗannan na gaggawa ne, a tafi nan take ko a kira lambar gaggawa ta 112.

Mataki na huɗu: maganin da ake narkarwa

Ga wanda bututun abincinsa lafiya yake, yana shan ruwa ba ƙwarewa, amma ƙwaya ta gagare shi duk da atisaye, akwai alendronate mai narkewa a ruwa yana kumfa, sunansa Binosto, akwai kuma na ruwa a ƙaramar kwalba. Mai kumfar ana jefa shi a rabin kofin ruwa, aƙalla mililita 120, a jira kumfar ta kwanta ya narke sarai, a shanye, sannan a bi shi da ƙarin ruwa kamar yadda takardarsa ta nuna. Duk sauran ƙa'idojin suna nan: ciki ba komai, zama a miƙe, minti 30. Yana ɗauke da gishiri mai ɗan yawa, don haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ambata wa likita. Ba kowane kantin magani ne yake ajiye irin waɗannan ba, sai a tambaya a manyan kantunan da suke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna, a duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, a jikin kwali idan an samu. Kada wani ya ce zai haɗa nasa a gida ta hanyar jiƙa ƙwayar da aka saba. Mai kumfar an haɗa shi ne da sinadaran da suke rage masa kaifi.

Mataki na biyar: a bar baki, a koma allura

A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancin masu matsalar haɗiya ta gaske, kuma iyalai da yawa ba su san da ita ba, shi ya sa suke ta fama da ƙwaya.

Zoledronate, wanda ake sayarwa da sunan Aclasta, ana ba da miligiram 5 ta jijiya kamar ƙarin ruwa, cikin minti 15 ko fiye, sau ɗaya a shekara. Ɗan gidan su alendronate ne, amma tun da bai bi ta maƙoshi ba, babu maganar zama a miƙe ko jiran abinci. A ranar a sha ruwa kofi biyu kafin a tafi, ko gwargwadon yadda mai ciwon yake iya sha lafiya, saboda ƙoda. Wannan ne ya sa ya fi kyau a sanya ranar a wani wata ban da watan azumi. A cikin kwana uku na farko, musamman a karon farko, mutane da yawa sukan yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da ciwon kai. A ƙasarmu kowa zai ce maleriya ce a ruga kemis. A ba da farasitamol, na ruwa ko mai narkewa idan ƙwaya ba ta wucewa, idan kuma zazzaɓin ya yi tsanani ko ya wuce kwana uku a je a yi gwajin jini, kada a sha maganin maleriya a kan zato. Ibandronate ma yana da na jijiya, miligiram 3 duk wata uku.

Denosumab, mai suna Prolia, allura ce ta ƙarƙashin fata, miligiram 60 duk wata shida, kuma ana iya ba da ita ga wanda ƙodarsa ta yi rauni, in dai ana sa ido sosai a kan kalsiyam na jininsa. Tana da sharaɗi mai nauyi da ya kamata iyali su zauna su tattauna kafin allurar farko. Idan aka fara ba a tsayawa haka kawai, ba a kuma jinkirta ta fiye da 'yan makonni, domin da zarar ƙarfinta ya ƙare ƙashi yakan koma zaizaya da sauri fiye da da, har ƙasusuwan baya da yawa su iya karyewa a jere. Saboda haka a lissafa kuɗin shekaru, a tambayi asibiti tun farko abin da katin inshorar lafiya zai ɗauka da abin da zai fito daga aljihu, a san wanda zai ɗauki nauyi idan ɗan da yake aiko kuɗi daga waje ya samu tangarɗa. Idan dole ta sa a daina, likita ne zai maye gurbinta da wani magani kamar zoledronate. Allurar tana zama a firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ta daskare, kuma da yadda wuta take ɗaukewa gara a saye ta ana gobe za a yi, a ɗauko ta a cikin kula mai ƙanƙara, a naɗe kwalin da tsumma don kada ya taɓa ƙanƙarar.

Akwai wasu allurai biyu masu gina sabon ƙashi, teriparatide ta kullum da romosozumab ta wata-wata har shekara ɗaya, amma na masu cuta mai tsanani ne kuma ƙwararren likita ne yake yanke shawararsu. Ta biyun ba a ba wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, waɗanda kuwa su ne da yawa daga masu wahalar haɗiya.

Kalsiyam da bitamin D

Sau da yawa ƙwayar da take tsorata tsohuwa ma ba alendronate ba ce, ƙatuwar farar ƙwayar kalsiyam ce da aka haɗo ta da ita. Wannan kam tana da sauƙin warwarewa, domin akwai ta taunawa, akwai mai narkewa a ruwa, bitamin D kuma akwai na ɗigawa. A sha kalsiyam tare da abincin rana ko na dare, a ranar alendronate kuma a nisanta su da awanni. Wanda ya haura shekara 50 yana buƙatar kusan miligiram 1,000 zuwa 1,200 na kalsiyam a yini, har da wanda yake cikin abinci, kuma abincinmu yana da shi: nono da kindirmo, wagashi, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu. Ga mai wahalar haɗiya a daka kifin ya zama gari a zuba a miya, kada a bar ƙaya. Dattijuwar da take yini a ɗaki, idan ta fita kuma jikinta a rufe, ana iya samun bitamin D ɗinta ya yi ƙasa duk da ranar Kumasi, don haka gwajin da aka ambata a baya bai kamata a tsallake shi ba, musamman kafin allura.

A sami ƙaramin littafi a rubuta sunan maganin, da ranar da aka fara, da ranar allura ta gaba, da sakamakon ƙoda, a ajiye shi tare da katin asibiti, a kuma nuna shi ga duk likitan haƙorin da zai taɓa bakin mai ciwon. Likita yakan sake duba ko za a ci gaba ko a huta bayan shekara biyar ga mai shan ƙwaya, ko shekara uku ga mai karɓar zoledronate, kuma sabon ciwo a cinya ko matsematsi da ya ƙi tafiya abin kai wa asibiti ne tun kafin lokacin ya yi, domin wani lokaci yana nuna tsagewar ƙashin cinya. Idan Mma za ta tafi aikin Hajji, ko za ta je Tamale ko Bawku ta yi watanni wajen dangi, a buɗe littafin tun ana shirin tafiya, a ga ko ranar allurar za ta faɗo tana can, a je a daidaita da likita kafin a sayi tikitin mota.